Ƙugiyar Ƙaramin Cokali

Sati uku ke nan Mas'uda tana kan littafin Malam Na'Allah, kuma ranar Alhamis ɗin nan ce za a tura shi maɗaba'a a Kano kafin la'asar. Littafi ne ƙarami, shafi arba'in da takwas cif, a kan renon yara daga haihuwa zuwa yaye. Malam Na'Allah tsohon jami'in lafiya ne da ya yi ritaya, shi ya rubuta da hannu a cikin littattafan makaranta guda uku, ita kuma ta buga a kwamfutar shagon Sabiru, yayan mijinta, da ke bakin titi a Kazaure. Idan an buga, za a raba wa mata kyauta a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura.

Malam mutum ne mai son gajarce suna. Shekarun da ya yi yana rubuta rahoto sun bar masa wannan ɗabi'a, duk abin da ya kai kalma biyu sai ya mayar da shi haruffa. Ruwan gishiri da sukari ya zama RGS, awon ciki ya zama AC, ƙaramin cokali ƘC, kofi cike KC. Da Mas'uda ta ƙirga sai ta samu talatin da huɗu. Don kada su rikice mata, ta yi abin da ta saba yi wa ɗaliban da take buga wa kundin kammala karatu: ta buɗe jeri guda a cikin manhajar da take buga rubutu da ita, ta rubuta kowane gajeren suna sau ɗaya tare da cikakkiyar ma'anarsa. Daga nan manhajar ce ke sauran aikin. Inda sunan ya fara fitowa a littafi sai ta rubuta shi a cike, bayan nan haruffan kawai take sawa, a ƙarshen littafi kuma ta jera su duka da kanta. Abin da ya fi burge Mas'uda shi ne in ka gyara abu a cikin jerin, ya gyaru ke nan a ko'ina.

A ƙarƙashin teburin, kan 'yar tabarma, Lubna na zaune tana cusa murfin biro a cikin takalmin uwarta. Wata ashirin da biyu gare ta, kuma jibi Asabar za a kai ta Gwiwa wajen Inno, mahaifiyar Mas'uda, a yaye ta a can. Tun da aka sa ranar Mas'uda take haɗa kaya a ranta. Ba ta shakkar renon Inno, ita ta rene su su bakwai. Abin da take tsoro shi ne gudawar da ke bin yara bayan yaye, ga Gwiwa ba nan kusa ba da za ta ruga da ƙafa. Inno ta koyi karatun boko da girmanta a ajin manya, kuma tun daga lokacin duk abin da ta gani a rubuce a takarda ba ta yi masa gardama. Takardar magani takan karanta ta sau uku da yatsa a kan layi, sannan ta yi yadda aka ce, ba ragi ba ƙari.

Shi ya sa da safiyar nan, kafin komai, Mas'uda ta ce bari ta fitar wa Inno shafi na talatin da ɗaya, inda aka yi bayanin haɗa ruwan gishiri da sukari, tunda littafin ba zai fito kafin Asabar ba. Firinta ta yi 'yar ƙararta ta turo takardar da ɗumi. Ta ɗauka tana karantawa a tsaye.

"A lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari KC shida, gishiri rabin KC."

Ta sake karantawa. Ta matso da takardar kusa da idonta ko tawada ce ta yi ƙaranci. Ba tawada ba ce, K ce tsararta, ba ƙugiya a kanta. Ta zauna ta buɗe jerin, sai ga su biyu a jere kamar tagwaye: KC, ƙaramin cokali, KC, kofi cike.

"Yaya Sabiru," ta ce ba tare da ta juyo ba, "wani ya taɓa littafin Baba Malam jiya bayan na tafi?"

Sabiru yana bakin ƙofa yana kakkaɓe injin kwafi da tsumma. "Ni ne. Ai na manta ban faɗa miki ba, Maman Lubna. Mutanen Kano ne suka kira, wai a gwajin da muka tura musu, duk inda babbar ƙa mai ƙugiya take a cikin haruffan nan masu kauri, wani ɗan akwati ne ke fitowa. Sai na tuna kin ce wuri ɗaya ake gyarawa. Na shiga na cire ƙugiyar, shi ke nan, akwati ya ɓace a littafin gaba ɗaya." Ya yi murmushi. "Kin ga ni ma na fara iyawa."

"Ka iya kam. Zo ka karanta wannan."

Ya zo ya karanta, ya ɗaga kafaɗa. "To, mene ne?"

"Rabin kofi na gishiri, Yaya. A ba yaron da gudawa ta riga ta tsotse."

Sabiru ya ajiye tsumman. "Subhanallahi. To mayar da ita mana. Amma fa tsakani da Allah, wace uwa ce za ta ɗura wa ɗanta rabin kofin gishiri? Ai ko ɗanɗanawa ta yi za ta sani."

Mas'uda ta juya ga kwamfutar. Ta mayar da ƙugiyar a cikin jerin, sannan ta nemi wani salon haruffa mai kauri da ke da ita, ta sauya, ta sake fitar da shafin. Yanzu ƘC ta fito daidai, da 'yar ƙugiyarta a sama kamar kan allura. Sabiru ya ce alhamdulillahi, ya koma wajen injinsa. Ita kuwa ta daɗe tana kallon takardar. Ta san abin da ke faruwa da irin waɗannan littattafai in sun shiga ƙauye: guda ɗaya ake samu a unguwa, sai a kawo shafin da ake so a yi kwafi, wata ma ta yi kwafin kwafin. A shagon nan ma kullum haka ake yi. Ta tashi ta ɗora shafin a injin, ta yi kwafi, ta ɗora kwafin ta sake yi. A na biyun ƙugiyar ta zama ɗan ɗigo, ba ka bambance ta da dattin da ke kan gilashin injin.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Malam Na'Allah ya sauka daga adaidaita, da jakarsa ta fata a hammata da tabarau a rataye a wuya. Ya yi sallama, ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Ina amaryata? Na ji an ce za ki yi yaji zuwa Gwiwa. Me na yi miki?"

Lubna ta miƙa masa takalmin da murfin biro a ciki. Mas'uda ta durƙusa ta gaishe shi, ta jawo masa kujera, ta bari ya zauna ya sha ruwa, sannan ta ajiye masa takardu uku a gabansa ta yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara yana gyaɗa kai. Da ta zo kan batun cire ƙugiya sai ya dubi Sabiru ta saman tabarau, Sabiru ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

"To ai an gyara," in ji Malam. "Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Sai a tura."

"Baba, da ina so a daina gajarce ma'aunin gaba ɗaya. Duk inda aka ce ƙaramin cokali, a rubuta ƙaramin cokali."

"A'a, a'a. Ba a shafi na huɗu aka yi bayaninsa ba? Ga kuma jeri a baya. Littafin lafiya da tsarinsa, Mas'uda. Shekara talatin da biyar ina wannan aiki, ban taɓa ganin an yi ta maimaita kalma kamar karatun 'yan aji ɗaya ba. Mai karatu zai fara daga farko, ya gane, ya wuce."

"Baba, wadda ɗanta ke gudawa ba daga farko za ta fara ba. Shafin za ta buɗe kai tsaye, yaron na kuka a cinyarta."

"Sai ta duba baya."

"In kwafin shafin kaɗai ke hannunta fa?"

Malam ya cire tabarau ya goge da gefen babbar riga. Ba fushi ya yi ba, amma Mas'uda ta ga alamar ya kafe, kuma ta san ba huruminta ba ne ta yi ta ja da dattijo a gaban mutane. Ta sunkuya tana gyara wa Lubna ɗankwali. Can sai ƙamshin awara ya shigo daga waje, wata dabara ta zo mata.

"Baba, in ka yarda, mu ba Ya Kura ta karanta. In ta gane, na yi shiru, a tura haka."

Ya Kura ce ke suyar awara a gefen shagon, mace mai jikoki, 'yar asalin Barno da ta fi shekara ashirin a Kazaure. Takardun da suka lalace a shagon ita ake ba ta naɗe awara da su, kuma kafin ta naɗe sai ta karanta. Malam ya yi dariya ya ce a kira ta.

Ta shigo tana goge hannu da zani. "Malam, ina kwana. Ko awarar ce yau ma za a ce mai ya yi yawa?"

"Yau jarrabawa za mu yi miki, Ya Kura."

"Ni da na gama da jarrabawa tun kafin a haifi Sabiru? Kawo."

Mas'uda ta miƙa mata kwafi na biyu, ta ce ta ɗauka jikanta ne ba lafiya, ta faɗi yadda za ta haɗa. Ya Kura ta nisanta takardar da idonta, ta karanta a hankali, da ta zo kan haruffan ba ta ko tsaya ba.

"Sukari kofi cike shida, gishiri rabin kofi."

"A ina kika ga kofi?" in ji Malam.

"Ga shi nan, ka da ca. Ai na san shi. Rannan na naɗe wa wani awara da takardar kunun yaye, a nan aka rubuta garin gero kofi cike biyu, aka sa waɗannan haruffan a gefe. Har na gwada kunun, ya yi daɗi, sai dai gyaɗar ta yi kaɗan, Malam, ka ƙara."

"Ba ki ga gishirin ya yi yawa ba?" Sabiru ya tambaya.

"Na gani mana, ni mahaukaciya ce? Amma magani ai ba miya ba ne. Tunda likita ya rubuta, sai in ce da dalili. Iyaka dai in tausayi ya kama ni in ɗan rage, in sa kamar cokalin miya uku."

Ya Kura ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Na faɗi ke nan?"

"Ba ke kika faɗi ba," in ji Malam a hankali. "Je ki, awararki za ta ƙone."

Da ta fita ya daɗe yana juya takardar a hannunsa. Sannan ya matso da kujerarsa kusa da kwamfutar. "Wuri nawa ne za ki bi ki gyara? La'asar fa ba ta da nisa."

"Wuri ɗaya ne, Baba."

Ta buɗe jerin, ta sa wa ma'aunai huɗu alama, ƙaramin cokali da babban cokali da kofi cike da rabin kofi, cewa kullum a rubuta su a cike, kuma kada su shiga jerin baya. Ta ba manhajar umarni ta sake tsara littafin. Shafi na talatin da ɗaya ya fito da kalmominsa a shimfiɗe. Amma da ta duba ƙasan allon sai ta ga littafin ya koma shafi arba'in da tara.

Sabiru ya dafe kai. "Mutanen Kano sun ce arba'in da takwas. Da manyan takardu suke bugawa su ninke, shafi ɗaya ya ƙaru sai an ƙara huɗu, kuma takardar da aka tanada ba za ta kai ba."

"A rage girman rubutun," in ji Malam.

"Baba, tsofaffi ne za su karanta. Ka ga yadda Ya Kura ta nisanta takarda."

Ta tuna manhajar na iya ƙirga sau nawa kowane gajeren suna ya fito. Ta sa ta ƙirga, ta juya wa Malam allon. Goma sha ɗaya daga ciki sau ɗaya tak suka fito a littafin, wato an rubuta su a cike, an maƙala musu haruffa, ba a sake waiwayar su ba, ga shi kuma sun cinye wuri a jerin baya. Malam ya bi su da yatsa yana karantawa. Da ya zo kan ƘTML sai ya tsaya.

"Wannan ƙungiyarmu ce ta tsofaffin ma'aikatan lafiya. Ni na raɗa mata haruffan."

"Sunanta na nan a cike a shafin godiya, Baba. Haruffan kawai za su tafi."

Ya ja numfashi. "Cire."

Ta cire su duka goma sha ɗayan. Jerin baya da ke shafi biyu ya dawo ɗaya da 'yan layuka. Aka sake tsarawa, sai ga layi biyar sun yi saura, sun zauna su kaɗai a saman shafi na arba'in da tara. Ana cikin haka aka kira azahar. Maza suka tafi masallaci, Mas'uda ta yi tata sallar a bayan kantar shagon, ta ba Lubna nono, tana kallon yadda yarinyar ke riƙe mata yatsa tana sha. Ta ƙirga a ranta, saura yau da gobe.

Da Malam ya dawo bai zauna ba. Ya ce ta buɗe masa shafin ƙarshe, inda aka sa tarihin marubuci. A ƙarƙashin sunansa akwai jerin takardun shaidar da ya samu da kwasa-kwasan da ya halarta, duk a gajarce, haruffa bayan haruffa har layi shida.

"Waɗannan ma akwai wanda ya san ma'anarsu a Roni?" ya tambaya, kamar da kansa yake.

Ya ɗora yatsa a kan allon.

"Share su. Ki rubuta, tsohon ma'aikacin lafiya, Kazaure. Hoton dai ki bar min shi, na yi kyau a ciki."

Sabiru ya fashe da dariya, Malam ya nuna shi da jaka. "Kai kuma, mai cire ƙugiya, kada in sake ganin hannunka a kan wannan na'ura sai da izinin malamarka."

"Na tuba, Baba."

Littafin ya dawo shafi arba'in da takwas. Mas'uda ba ta tura nan take ba. Ta bi duk shafukan da ke da ma'auni ɗaya bayan ɗaya, na kunu da na ruwan gishiri da na maganin zazzaɓi, tana karantawa a bayyane Malam na duba rubutun hannunsa. Da ta tura, ta roƙi mutanen Kano a waya su buga shafi na talatin da ɗaya su ɗauki hotonsa su turo mata kafin su ci gaba. Hoton ya iso ana kiran la'asar, ba akwati ko ɗaya, kowace ƙugiya na wurinta. Sannan ta fitar da kwafi biyu na shafin, ɗaya ta ba Ya Kura ta ce wannan ba na naɗe awara ba ne, ɗaya ta ninke ta sa a jakar kayan Lubna, tsakanin riguna.

Ranar Asabar da hantsi suka isa Gwiwa. Inno ta karɓi jikarta a tsakar gida tana yi mata kirari, ta ɗaure ta a baya tun kafin Mas'uda ta gama cire mayafi. Bayan an ci abinci Mas'uda ta zazzage jakar tana nuna mata komai, wannan na sanyin safe ne, wannan man shafawa, garin kunu ga shi a roba. Inno na jin ta tana murmushi.

"Ke da na yaye da hannuna kike koya min yaye."

"Ba koya miki nake ba, Inno. Ga wannan dai, ko da cikinta zai ɓaci. In ya wuce yini, ko ta ƙi shan komai, a kai ta asibiti a kira ni."

Inno ta karɓi takardar, ta koma inda haske ya fi, ta ɗora yatsa a kan layin. "A lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali." Ta karanta sau uku kamar yadda ta saba. Sai ta shiga ɗaki, ta yi ta kwaramniya a cikin kwanuka, ta fito da cokula biyu, na miya da na shayi. Ta ɗaga na shayin.

"Wannan?"

"Shi, Inno."

Inno ta naɗe cokalin a cikin takardar, ta soke a saman ƙofar ɗakinta inda take ajiye mabuɗi. Lubna ta yi barci a bayanta, kunci a manne da kafaɗa. Mas'uda ta ɗauki mayafinta a hankali, ta gyara wa yarinyar ƙafar da ta fito daga goyon, ta fita ta bayan rumbu don kada ta farka ta gan ta, ta nufi inda mai babur ke jiran ta a gindin darbejiya.